Kuɗin Goro a Fagen Kiɗa: Launin Fata da Sunayen Kaɗe-kaɗe a Amurka

1.0 Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen tarihin kai da baƙaƙen fatar Amurka da Kanada suka yi game da ƙuruciyarsu, akwai wani labari da yake yawan maimaituwa. Yarinya ce za ta tashi da son wani kiɗa da jama'a suka ɗauka na Turawa ne, kamar kiɗan rok ko na kantiri. Idan ta je wurin wasa sai idanu su yo kanta, a ɗauka ɓatan hanya ta yi ko kuwa rakiya ta yo. Idan ta komo gida kuma sai dangi da ƙawaye su ce ta raina nata, so take ta zama Baturiya. Wata marubuciya 'yar Kanada mai suna Laina Dawes, wadda ta girma da son kiɗan metal, wato reshen rok mai tsananin amo, ta ɗauki tambayar da ake yi wa irinta a waɗannan wurare ta mayar da ita sunan littafinta, What Are You Doing Here?, ma'ana me kike yi a nan. Tambayar gajera ce, amma hukuncin da ke cikinta cikakke ne: akwai kiɗan da ya dace da fatarki, kuma wannan ba shi ba ne.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana inda wannan hukunci ya samo asali, da kuma rawar da harshe ya taka wajen kafa shi da raya shi. Ra'ayin da za a kare shi ne, ba kunnuwan mutane ne suka fara rabuwa ba, sunaye aka fara rabawa, daga baya kunnuwa suka bi. Saboda haka batun ya shafi manazarta walwalar harshe da na ilmin ma'ana kamar yadda ya shafi masu nazarin kiɗa.

2.0 Abin da Mahaɗi Yake Ɓoyewa

Bahaushe kan ce an yi wa mutane kuɗin goro idan aka haɗa su aka yanke musu hukunci ɗaya ba tare da tantance wane da wane ba. Wannan lafazi za a yi amfani da shi a nan domin nuni ga ɗabi'ar jingina wa kowane mutum halin da ake zaton na jinsinsa ne.

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a dubi yankin sunan da rigimar take kansa. A Hausa mahaɗin nan -n ko -r yana ƙulla suna da suna, amma ba ya fayyace irin dangantakar da ke tsakaninsu. Idan aka ce kiɗan Shata, ana nufin wanda ya yi kiɗan. Kiɗan mahauta kuwa yana nuni ga waɗanda ake yi wa. Kiɗan kalangu ya ambaci abin kiɗa, kiɗan fada ya ambaci wuri, kiɗan Salla ya ambaci lokaci. Mai sauraro ne yake cike giɓin daga sanin da ya yi wa duniya. Haka abin yake a Ingilishi idan aka ɗora siffar launi a kan kalmar kiɗa. Ke nan idan aka ce "kiɗan baƙaƙen fata" ana iya nufin kiɗan da suka ƙirƙira, ko wanda suke kaɗawa, ko wanda ake sayar musu, ko kuma wanda ya kamata su so. Ma'ana ta farko magana ce ta tarihi, ana iya tabbatar da ita ko a ƙaryata. Ta ƙarshe kuwa umarni ce da ta sa rigar bayani. Kuɗin goron yana zaune ne a cikin zamewar da mai magana ke yi daga ta farko zuwa ta ƙarshe ba tare da ya ankara ba, domin lafazin bai sauya ba.

3.0 Yadda Kamfanonin Faifai Suka Raba Rumbu

Kafin zuwan faifan garmaho, makaɗan kudancin Amurka, baƙaƙe da farare, daga rumbu ɗaya suke ɗiba. Makaɗin da ke yawo tsakanin gonakin auduga da sansanonin leburorin jirgin ƙasa da dandalin rawa abin da masu biyan kuɗi suka nema shi yake kaɗawa, ko waƙar coci ce, ko ta rawa, ko wadda ta fito daga manyan birane. Karl Hagstrom Miller ya bi diddigin wannan a littafinsa Segregating Sound na 2010. Ba wai babu wariya ba ne a lokacin; dokokin wariya suna nan daram a makarantu da jiragen ƙasa da gidajen abinci. Sai dai waƙa ta fi mutane 'yancin yawo.

Molon nan da ake kira banjo ya isa misali. Yau da an ji sautinsa sai tunanin Ba'amurke ya tafi ga fararen ƙauyawa na yankin duwatsun Apalaciya. Alhali kuwa bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera shi a tsibiran Karebiyan, kuma an ga siffarsa a littafin da Hans Sloane ya buga a 1707 game da tafiyarsa zuwa Jamaika. Masu bincike kan kwatanta shi da akontin na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya, kuma duk Bahaushen da ya san gurmi zai gane dangin da gani ɗaya: ƙwarya ce aka rufe da fata, aka soka sanda, aka ɗaura tsirkiya. Daga shekarun 1830 da 1840 fararen 'yan wasa masu shafa baƙi a fuska domin kwaikwayon bayi suka ɗauki banjo suka yaɗa shi, har ya zamana baƙaƙen fata da yawa sun guje shi saboda izgilin da aka haɗa shi da shi.

Rabon na sosai ya zo ne a shekarun 1920. A watan Agusta na 1920 kamfanin Okeh ya ɗauki muryar wata baƙar mawaƙiya, Mamie Smith, a waƙar "Crazy Blues". Cinikin da faifan ya yi ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙen fata kasuwa ce da ba a taɓa ba. Nan da nan aka ware musu jerin faya-fayai na musamman da aka kira "race records", wato faya-fayan jinsi. Abin lura a nan shi ne kalmar "race" ba zagi ba ce a bakin baƙaƙen wancan zamani; jaridunsu irin su Chicago Defender da ita suke kiran al'ummarsu cikin alfahari. Kamfanoni sun ari kalmar gida ne suka mayar da ita tambarin kasuwa. A 1923 kuma wani jami'in kamfanin mai suna Ralph Peer ya ɗauki wani farin mai goge, John Carson, a birnin Atlanta, wanda ya buɗe kasuwa ta biyu, ta fararen ƙauyawa. Ita aka laƙaba wa "hillbilly", kalmar da ke kusa da bagidaje ko baƙauyen dutse. Daga wannan jeri kiɗan kantiri ya tsiro.

Rabon ya kai har ga lambobin da ake buga wa faifai. A kamfanin Columbia lambobin 14000 na baƙaƙe ne, na 15000 kuwa na fararen karkara. A 1927 aka saki wani faifan 'yan uwa biyu farare, Austin da Lee Allen, a jerin 14000, domin salon bulus ɗin da suke yi bai bambanta da na baƙaƙe ba. Suka fusata, suka tayar da maganar shari'a a kan an ɓata musu suna, daga bisani suka koma kamfanin Victor. A ganinmu wannan labari ya fi dogon sharhi amfani. Mutanen da sana'arsu ce sauraron faifai sun kasa raba fari da baƙi da kunne, amma lambar da ke jikin faifan ta isa ta zama abin kunya.

A ɗakin ɗaukar murya kuwa cuɗanya ba ta tsaya ba. Masanin tarihi Patrick Huber ya ƙirga baƙaƙen makaɗa da mawaƙa kusan 50 da suka sa hannu a faya-fayan "hillbilly" tsakanin 1924 da 1932. Louis Armstrong ya yi busa a wata waƙar Jimmie Rodgers a 1930, shi kuwa Rodgers shi ake kira uban kantiri. Wani baƙin makaɗi, Lesley Riddle, ya yi ta yawo da A. P. Carter suna tattara waƙoƙi a ƙauyuka. Hank Williams a hannun wani baƙin makaɗin titi, Rufus Payne, ya koyi kiɗa. DeFord Bailey kuma yana cikin taurarin farko na shirin rediyon Grand Ole Opry a Nashville, har zuwa 1941 da aka sallame shi. Duk waɗannan ba su hana a buga hoton fari a tallar wannan jeri, a buga na baƙi a tallar wancan ba. Mai saye tallar yake gani, ba ɗakin ɗaukar murya ba.

3.1 Sauya wa Tuwo Suna

Mujallar Billboard, wadda ke buga jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa, ta bar mana tarihin wannan rukuni shekara da shekara. A 1942 ta buɗe jadawalin baƙaƙen fata da sunan "Harlem Hit Parade", wato ta sakaya launi da sunan unguwa. A 1945 ya koma "Race Records". A 1949 aka mayar da shi "Rhythm and Blues", kuma Jerry Wexler, wanda ke aiki a mujallar a lokacin, shi ake jingina wa sunan. Wannan sakayawa ce da salon kiɗa. Daga ƙarshen 1963 zuwa farkon 1965 jadawalin ya ɓace gaba ɗaya, sannan ya dawo. A 1969 ya zama "Soul", a 1982 aka fito fili aka ce "Black", a 1990 aka sake komawa ga haruffan R&B. Gidajen rediyo kuma tun shekarun 1970 suka riƙe kalmar "urban", wato na birni, wadda ake danganta yaɗuwarta ga Frankie Crocker na birnin New York, domin masu ba da talla sun fi sakin jiki da ita. A watan Yuni na 2020, bayan kisan George Floyd, hukumar da ke ba da kyautar Grammy ta cire kalmar daga sunan ɗaya daga cikin rukunanta.

Mai nazarin ma'ana zai gane abin da ke faruwa. Duk lokacin da lafazi ya yi nauyi a baki sai a nemo mai sauƙi, sabon kuma ba ya daɗewa sai ya ɗauki warin tsohon, saboda abin da ake nuni gare shi bai gusa ba. Sunaye wajen bakwai, ma'auni ɗaya. Shi ya sa mawaƙan da salonsu ya yi hannun riga da juna suka sha taruwa a ƙarƙashin jadawali guda, ba don komai ba sai don fatarsu iri ɗaya ce.

Kiɗan rok ya bi wata hanyar dabam ya isa wuri ɗaya. Rosetta Tharpe da Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino, waɗanda suka aza harsashinsa, duk baƙaƙe ne, kuma Big Mama Thornton ta riga Elvis Presley rera "Hound Dog" da shekara 3 zuwa 4. Amma kafin rasuwar Jimi Hendrix a 1970 an riga an fara kallon baƙin da ke kaɗa rok a matsayin abin mamaki. Har sai da wasu makaɗa, cikinsu da Vernon Reid da marubuci Greg Tate, suka kafa ƙungiyar Black Rock Coalition a 1985 domin neman wuri a gidan da kakanninsu suka gina.

Wani abin da ya tona asirin jadawalin ya faru a 1991. Kafin nan rahoton masu kantuna ake dogara da shi wajen sanin abin da ya fi ciniki, su kuwa sukan faɗi abin da suke zato. Da aka koma ƙirga ciniki kai tsaye da na'ura ta tsarin SoundScan, sai ga kundin ƙungiyar N.W.A. ta masu gambarar zamani, wato raf, ya hau matsayi na ɗaya a watan Yuni, sai ga na Garth Brooks na kantiri ya shiga a matsayi na ɗaya a watan Satumba. Ashe kiɗan da ake ce wa na unguwa ɗaya, ƙasa baki ɗaya ke sayensa.

4.0 Kunne Yana Jin Abin da Aka Gaya Masa

Mai karatu zai iya cewa duk wannan harkar 'yan kasuwa ce, mai sauraro ai kunnensa yake bi. Gwaje-gwajen da aka yi ba su goyi bayan haka ba. A 1996 Carrie Fried ta buga sakamakon wani gwaji mai sauƙi. Ta ɗauki baitocin wata tsohuwar waƙar gargajiya ta ƙungiyar fararen fata Kingston Trio, wadda ke ba da labarin wani da ya kashe ɗan sanda, ta rubuta su a takarda ta raba wa mutane. Wasu aka ce musu raf ce, wasu kantiri, wasu waƙar gargajiya. Waɗanda aka ce wa raf ce sun fi ganin baitocin a matsayin masu haɗari da cancantar a sa musu takunkumi. Haka sakamakon ya kasance da aka nuna hoton baƙin mawaƙi a madadin na fari. Kalmomin ba su sauya ko da harafi ɗaya ba. A 2016 Adam Dunbar da Charis Kubrin da Nicholas Scurich suka maimaita gwajin, suka tarar har lokacin laƙabin raf yana sa a ɗauki baiti da ma'anarsa ta zahiri, a ga kamar mawaƙin labarin kansa yake bayarwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da masu gabatar da ƙara suka sha karanta baitocin raf a kotu a matsayin shaida, har jihar Kalifoniya ta yi dokar taƙaita hakan a 2022.

Rigimar da ta gabaci gwajin Fried ita kanta darasi ce. Waƙar "Cop Killer" da ta tayar da ƙura a 1992 ta ƙungiyar Body Count ce, kuma kiɗan metal ce zalla. Amma da yake jagoran ƙungiyar, Ice-T, baƙi ne da aka sani da raf, sai aka yi ta kiranta raf a bakin 'yan siyasa da jaridu. A nan fatar mawaƙi ce ta raɗa wa kiɗa suna.

Manazarta harshe sun san irin wannan a fagen magana. A binciken da Purnell da Idsardi da Baugh suka buga a 1999, John Baugh ya yi ta buga waya yana neman hayar gida a yankin San Francisco da karin harshe iri 3, amsar da yake samu tana sauyawa da sauyawar karin. Abin da waƙa ta ƙara a kan wannan shi ne, a cikinta karin harshe riga ce da ake sawa da gangan. Peter Trudgill ya nuna a 1983 yadda mawaƙan Ingila na shekarun 1960 ke aron furucin Amurka idan suna rerawa, har da miƙar da tagwan wasali ya koma dogon wasali ɗaya, wanda siffa ce ta karin kudanci da na baƙaƙen fata. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Charley Pride, ɗan manoman auduga daga Misisipi, ya rera kantiri da furucin da masu sauraro suka ɗauka na fari ne. A 1966 aka aika faya-fayansa na farko gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, jama'a suka so muryar kafin su ga mai ita. A 1971 shi ya lashe babbar kyautar gwarzon shekara ta ƙungiyar kiɗan kantiri.

5.0 Nauyin da Ya Hau Kan Mai Sauraro

Ciwon da ke cikin littattafan tarihin kai da aka ambata a farko ba daga Turawa kaɗai yake fitowa ba. A 1986 Signithia Fordham da John Ogbu, masanin halayyar al'umma haifaffen ƙasar Ibo wanda ya koyar a Berkeley, suka buga nazarinsu kan wata makarantar sakandare a birnin Washington. Cikin abubuwan da ɗalibai baƙaƙe suka lissafa a matsayin kwaikwayon Turawa akwai magana da daidaitaccen Ingilishi, akwai kuma sauraron kiɗa da gidajen rediyon fararen fata. An soki wannan nazari ta fuskoki da dama, musamman kan abin da ya ce game da ƙoƙari a karatu, amma haɗa karin harshe da kiɗa a jeri ɗaya da ɗaliban suka yi abin dubawa ne. Dukansu biyu alamu ne na inda mutum ya dosa. Bai kamata a yi wa masu wannan tsaro mummunar fahimta ba: al'ummar da ta ga an ɗebe mata banjo da rok tana da dalilin yin kishi a kan abin da ya rage. Sai dai yarinyar da ake zargi da gudun gida saboda son jita mai amo, abin da Rosetta Tharpe ta bari take sauraro.

Ɗan Nijeriya yana da hujjar da Ba'amurke ba shi da ita a kusa. Duk wanda ya saurari rediyo a ƙasar nan a shekarun 1970 da 1980 ya san matsayin Jim Reeves da Don Williams da Dolly Parton a gidajen mutane, daga Legas har Inugu har Jos, ba wanda ya ce ya fita daga fatarsa. A ƙasar Hausa kuma waƙoƙin finafinan Indiya sun zauna da gindinsu har aka ari karinsu a waƙoƙin bege. Da a ce son kiɗa a jini yake, da ba a ga haka ba. Mu ma dai muna da namu rabon: kalangu na mahauta, dundufa na maƙera, kotso da taushi na fada, goge kuma ya daɗe yana fama da zargi saboda alaƙarsa da bori. Amma wannan rabo yana faɗin wanda ake kaɗa wa ne, ba wanda aka yarda ya ji daɗi ba, kuma Mamman Shata ya ɗauki kalangu ya kai shi gaban sarakuna da attajirai da direbobi. Saboda haka mai fassara labarin ƙetare zuwa Hausa ko Yarbanci ko Ibo ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa wace ma'ana ce daga cikin huɗun nan yake shigowa da ita idan ya rubuta "kiɗan baƙaƙen fata".

6.0 Inda Aka Kwana

Iyakar da aka shata a shekarun 1920 ba ta goge ba. A watan Maris na 2019 Billboard ta cire waƙar "Old Town Road" ta baƙin matashi Lil Nas X daga jadawalin kantiri, bisa hujjar cewa ba ta ƙunshi isassun siffofin kantiri na zamani ba. Da aka sake fitar da ita tare da farin mawaƙin kantiri Billy Ray Cyrus, sai ta yi mako 19 a saman babban jadawali. A watan Fabrairu na 2024 wani gidan rediyon kantiri a jihar Oklahoma ya fara ƙin sanya sabuwar waƙar Beyoncé, "Texas Hold 'Em", domin sunanta kaɗai ya isa a ɗauka ba kantiri ba ce. Daga baya ya janye. A watan nan waƙar ta hau saman jadawalin kantiri, karon farko da baƙar mace ta kai wurin, kuma a 2025 kundin da ke ɗauke da ita ya ci kyautar Grammy ta kundin kantiri da ta kundin shekara. Banjon da ke buɗe waƙar kuwa Rhiannon Giddens ce ta kaɗa shi, wadda ta shafe shekaru tana koyar da tarihinsa, kuma ta koyi tsofaffin kaɗe-kaɗen baƙaƙen karkara a wurin Joe Thompson, wani dattijo mai goge a jihar Karolina ta Arewa, wanda ya rasu a 2012.